Gwanayen Cefane

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi, babu magidancin da bai zama masanin tattalin arziki ba tsakanin Nahuce da Gusau. A da hirar majalisa ba ta wuce siyasa da ƙwallo da labarin wanda ya ƙara aure. Yanzu kafin a gama gaisawa wani ya jefo tambaya: "Nawa aka sai da tiyar gero jiya?" Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta bara war haka. Matan ƙasar Bunguɗu ba su jira sanarwar ba, ludayi ya riga ya gaya musu. Ga gonakin da ke nesa da gari da yawa sun daina nomuwa saboda rashin tsaro, a jihar da ke yi wa kanta kirari da noma. Dole kowa ya fito da dabararsa, kuma wasu dabarun sun fi tsadar kanta wahalar da iyali.

Shugaban masu dabarun nan, wanda ba na gajiya da kallonsa, shi ne Mai Jadawali. Yawanci malamin makaranta ne, ko tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ya samo kwali, ya ja layi da rula, ya jera kwanakin mako a gefe, safe da rana da dare a sama, ya kafe shi a bangon madafa da ƙusa huɗu. Asabar: koko da ɗumame, rana dambu, dare tuwon dawa miyar kuka. Lahadi: koko da ɗumame, rana ɗan wake, dare tuwon dawa miyar busasshiyar kuɓewa. Haka ake tafiya har Alhamis, kuka da kuɓewa suna karɓa-karɓa kamar kishiyoyi masu rabon kwana. A gurbin Juma'a ne aka rubuta shinkafa da jan biro, aka ja mata layi biyu. Ƙasa da ita kuma, da ƙananan baƙaƙen da sai ka matso za ka gani, an rubuta "in Allah ya hore".

Mabuɗin ɗakin ajiya yana ɗaure a mazagin wandonsa. Da ya dawo sallar asuba shi ke fitar da awo da kansa, da gwangwanin madara, yana share bakinsa da yatsa don kada ya yi tozo. Dunƙulen Maggi a ƙirge yake. Kwalbar manja ya manna mata takarda ya yi zane bakwai, kowace rana da iyakarta, kuma da dare yakan ɗaga ta a gaban fitila ya ƙanƙance ido ɗaya. Ya taɓa zama ya lissafa abin da gidansa ke kashewa a ashana cikin shekara, washegari ya ba da umarnin a riƙa ɗebo wuta a maƙwabta, saboda a cewarsa hakan na ƙara zumunci. Yana da littafi mai bango shuɗi, irin na 'yan makaranta, shafin hagu shiga, shafin dama fita. Bayan isha'i ake zaman bincike.

"Ke, jiya albasa ukku na bari. Ina ta ukkun?"

"Malam, ai ta ruɓe."

"In gani."

Sai ta tashi ta kawo masa, domin shekarun aure sun koya mata cewa a gidan nan ba a zubar da shaida.

Abin da jadawali bai san da shi ba shi ne baƙo. Ga 'yan'uwa daga ƙauye za su asibiti Gusau, sun yada zango. Ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga garuruwansu, su da ranar komawa sai Allah. A nan ne zan yi masa adalci: Mai Jadawali ba ya ɓoye kwano. Baƙonka annabinka, yana faɗa kuma yana aikatawa. Zai ce a ɗora shinkafa, ya yi ta fara'a har baƙi su kwanta, sannan ya ɗauko fitila ya tsaya gaban kwali yana huci. Shinkafar Juma'a ta koma Talata, Juma'a ta zama rami, kuka ta shigo ta cike. Ranar Juma'a yara su taru su yi masa zanga-zangar lumana.

"Baba, ai shinkafa aka rubuta."

"Ku matsa ku karanta abin da ke ƙasa."

Da aka sanar da sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ya ƙara kalmar "ƙwai" a safiyar Lahadi, amma da fensir, yana cewa sai ya ga alat zai bi ta da biro.

Asirin da duk unguwa ta sani, littafin ne kawai bai sani ba, shi ne uwargida. Dusar da aka fitar wajen surfe tana sayar wa masu awaki. Ƙanzo ba ya zuwa bola, shanya shi take. Tana da kaji a bayan ɗaki, tana zubin adashe, tana soya ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. In manja ya sauka ƙasa da zanen Laraba alhali ana Talata, sai ta sayo na kuɗinta ta cike shi daidai layi. Da dare Malam ya ɗaga kwalba ya ga komai cif, ya gyaɗa kai, washegari a majalisa ya ce, "Ni gidana tsari gare mu. Ku dai ba ku rubutawa ne." Na ci tuwo a gidan wata ranar kuka, sai ga bandar kifi a cikin miya, abin da babu shi a kwali, babu shi a littafi. Na dube shi. Ya ɗaga kai yana duban azara, ya ci gaba da taunawa. Ya sani sarai. Kuma abin da ya sa nake ƙaunarsa duk da fitinarsa, daga tukunyar da yaransa suka ci yake ci, in kuka ce kuka, in ba mai ba mai.

Kusa da shi a tabarma, nesa da shi a lissafi, akwai Mai Bin Araha. Shi kunnensa ke cefane. Ya ji an ce shinkafa ta fi sauƙi a Talata Mafara saboda noman rani na Bakolori, ranar Talata da sassafe yana tasha. Ya ji an ce albasa ta faɗi a Shinkafi, Alhamis ba za ka same shi gida ba. Kasuwar Daji, Ɗanjibga, duk ya san masu awonsu da suna. Zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya biya ɗan dako, ya biya kuɗin kaya a but, ya sha fura da rana saboda yunwa, ya sayo wa yara tsaraba don ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana, iyalinsa kuma su wuni da zullumin hanya. Da magariba ya sauke rabin buhu a ƙofar gida yana murmushi, ya ce ya samu ragin da in ka auna bai kai kuɗin furar ba. Kada ka yi masa lissafi, zai ce hassada ce. A Satumbar 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ya rame don kaɗaici. Matarsa ta ce a watannin ne kaɗai ta taɓa ganin kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata.

Shi kuwa Sarkin Tayi ba ya zuwa ko'ina, kasuwar Nahuce ta ishe shi, amma yakan shiga da hantsi ya fito la'asar da tiya biyu. Zai tsuguna gaban mai awo, ya damƙi gero, ya hura, ya shinshina, ya watsa a baki, ya tauna yana yamutsa fuska. "Wanga na bara na." Mai awo ya rantse na bana ne. Ya taya rabin kuɗi. "Albarka." Ya ƙara abin da bai kai kuɗin goro ba. "Albarka." Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya fara tafiyar nan da kowa ya sani, taku ɗaya, tsayawa ɗaya, kunne a baya yana jiran a ce "Zo, Alhaji." In ba a kira ba, sai Allah ya haɗa shi da wani abokin da zai tsaya gaisawa da shi daidai rumfa ta gaba, har mai awo ya gaji ya sallama don ya samu wurin zaman wasu. Nan kuma aka fara sabon yaƙi, na tozo. A ƙara. A girgiza. Ya kewaye bakin tiya da tafukansa biyu ya ce a ci gaba da zubawa. Bayan an juye ya ce gyara. Bayan gyara ya tambayi leda. Zamaninsa na zinariya shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuyar gani, mai tsaba a hannu ya zama abin lallashi. Har yau in ya tuna sai ya yi ajiyar zuciya. Duk da haka in ya ci karo da tsohuwa mai ƙullin kuɗi a haɓar zane a rumfa ɗaya, yakan ja baya ya ɗauki darasi.

Mai Sarin Kaka shi ne mai hankalin cikinsu, a takarda. Ya san abin da kakanninmu masu rumbu suka sani, cewa hatsi na araha in an yi girbi, ya hau in damina ta yi nisa, lokacin da tsohon ya ƙare sabon bai nuna ba. Don haka da kaka ya sayar da rago ya sayi buhunan dawa da masara da wake. Waken ma a buhun nan mai leda biyu a ciki yake ɗaure shi, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Abin da Purdue ba ta samo wa magani ba shi ne dangi. Ranar da amalanke ya tsaya ƙofar gidansa, labari ya isa har Kwatarkwashi. Ƙanwa za ta yi suna, kawu ya zo gaisuwa da buhu a naɗe a hammata, surukai sun aiko a duba lafiya. Kafin bazara shi ma yana layin masu awo. Waɗanda suka tsere wa dangi kuwa suka ƙulle hatsin kakar 2024 da tsada suna jiran ya ninka, sai ga 2025 farashi ya juyo ƙasa. Yanzu in aka zo zancen ajiya a majalisa, sai kowannensu ya tuna bai yi alwala ba.

Akwai kuma wata ƙungiya mai mutunci wadda ba ta shiga wajen masu kayan miya sai rana ta yi ja. A lokacin mai tumatir ya gaji, kwando ya koma ruwa a ƙasa, gobe kuma ba ta da tabbas, sai kashi biyu ya zama kuɗin kashi ɗaya. Mutanen nan sun san bambancin tumatirin da ya fashe da wanda ya mutu, ilimin da ba a koyarwa a makaranta. Tun shekarar 2016, da tsutsar sharon ta cinye gonakin tumatir a arewa, suka yi ƙawance da kauɗa, kuma har yau suna kare ta a gaban masu raina ta. Ba sa gaisawa da juna a rumfa, kowa yana nuna wucewa ya zo yi. In kuma ka hangi wani mai kama da ni a cikinsu da leda a aljihu, ka sani magariba na sa mutane su yi kama da juna.

Likitan Dole bai taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba, amma tun da nama ya yi tsada ya gano cewa shi ke kawo hawan jini, sukari ke kawo ciwon suga, man gyaɗa ke toshe jijiya. Zogale da rama da tafasa kuwa, ya ce Turawa ma sun dawo kansu. Zogale na da amfani, wannan ba a musu. Sai dai ranar suna ko walima, da an dire tiren nama, cututtukan nan duk sukan ɗaga masa ƙafa har a watse.

Mai Aike ba ta fita, yaronta ke fita. "Wai in ji Inna, a sam mata daddawa kaɗan." Gida na gaba gishiri, na gaba kanwa, na ƙarshe tonka da ɗan sure. Kafin azahar miya ta haɗu, ta unguwa ce baki ɗaya, ita nata ruwa da wuta, wutar ma ta Mai Jadawali ce ta biyo hanya.

Mai Zumunci ya san lokacin da kowane gida ke kwashe tuwo. "Bisimilla." "A'a wallahi, alhamdu lillahi," yana faɗa yana naɗe hannun riga.

Amaryar zamani ta gani a waya an ce ga girki mai sauƙin kuɗi, ta rubuto wa ango kayan haɗi: hanta, ƙwai, karas, koren wake, bota. Ya karanta sau biyu, ya tambaye ta ko akwai mai tsadar, don ya san abin da Allah ya kare shi daga gare shi.

Duk waɗannan ina iya zama tabarma ɗaya da su mu yi dariya. Akwai guda ɗaya da dariyata ke tsayawa in na zo kansa.

Da safe zai tsaya tsakar gida ya zaro 'yan canji ya ajiye a kan turmi, kuɗin da ko kayan miya ba za su saya ba, ya bi su da lacca. Dala ta tashi. Mai ya tashi. Ƙasa na cikin wani hali. Mace ta gari ita ce mai haƙuri da tattali. "Ki yi dabara mana, sauran mata mi suka fi ki?" Ya hau babur. Bai wuce kwana biyu na layi ba ya faka gaban mai shayi: shayi mai kauri, madara har ta yi fari, biredi da bota, Indomie biyu da ƙwai. Da rana a Gusau yana gidan abinci, shinkafa da miya, nama biyu, lemo mai sanyi. Da dare kafin ya shiga gida zai tsaya wajen mai tsire, ya zaɓi mai kitse, ya koma inda hasken fitila bai kai ba ya buɗe takarda, ya cinye tas, ya goge baki da bayan hannu, ya jefa goro don ya kashe ƙamshin yaji. Sannan ya yi sallama da muryar wanda ya wuni yana fama. A kawo masa tuwo da miyar da aka haɗa da kuɗin turmi da kuɗin adashe, ya buɗe, ya taɓa da yatsa, ya rufe. Wata rana ya ce, "Wagga miya ko mai babu." Wata rana kuma, wadda ta fi ƙona mini rai, ya tura kwanon ya ce, "Ba ɗiya su ƙara, ni na haƙura." Yaran su dube shi da tausayi, suna zaton uba ne ke kwana da yunwa dominsu.

Wannan ba mai tattali ba ne, kuma ba talauci ke damunsa ba. Talaka na gaskiya na san shi, shi ne wanda yake fita ba karin kumallo don koko ya ishi yara, kuma irinsa sun fi yawa a garuruwan nan. Shi wannan yana da abin da zai ciyar da gidansa, ya zaɓi ya ciyar da cikinsa. Matarsa ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa tana yawo da tiren awara a tasha lokacin da sa'o'inta ke aji, a kan hanyar da ko manya ba su da kwanciyar hankali. Duk wanda ya zauna makarantar zaure ya buɗe Risala ya san ciyarwa a wuyan miji take, gwargwadon hali, kuma halin nan ai har da abin da ke shiga aljihun mai tsire. Shi ma ya sani, don a sahun gaba yake sallah. Kuma a majalisa muryarsa ta fi ta kowa in ana zancen ɓarnar matan zamani. Mai shayi na jin sa, yana juya cokali, bai ce komai ba, saboda ciniki.

Irinsu jiki ne ke tona su. Wata rana jiri ya kwashe shi, a ɗauke shi zuwa asibiti a Gusau, a auna jini, a auna suga. Likita ya cire tabarau ya juya wajen matar da ke tsaye riƙe da fulas ɗin kunu, ya ce, "Hajiya, sai kin taimaka mana. Daga yau a rage masa nama da ƙwai da maiƙo a abinci."

Ta dubi likita, ta dubi mai gidan da ya rufe ido yana baccin ƙarya, ta ce, "Likita, wane naman?"